Rajistar lakabin kaya ga masu sayarwa ta intanet a Indiya

A Indiya, duk kayan da aka ɗaure a kwali, leda ko kwalba ba a gaban mai saye ba, kuma aka ƙayyade adadinsu tun farko, suna ƙarƙashin dokar awo ta 2009 da ƙa'idojinta na 2011. Tun daga 1 ga Janairu 2018 ƙa'idojin suka hau kan masu sayarwa ta intanet.

Tambayar farko ita ce wa rajista ta wajaba a kansa. Mutum uku ne: mai ƙera kaya, mai ɗaure su, da mai shigo da su daga ƙasar waje. Wanda ya saro kaya a ɗaure daga kamfanin cikin gida, ya sayar yadda suke, ba shi ake nufi ba. Amma da zarar ya farke buhu ya rarraba a ƙananan ledoji, ya zama mai ɗaurewa. A nan ƙananan 'yan kasuwa suka fi faɗawa tarko, don suna ganin kansu dillalai ne kawai. Ƙa'ida ta 27 ta ba da kwana 90 daga fara aiki a miƙa takardar nema ga daraktan awo na gwamnatin tsakiya ko shugaban ofishin awo na jiha, da kuɗin rajista rufi 500 (rufi shi ne kuɗin Indiya). Ana rubuta sunan mai nema, cikakken adireshin inda ake ɗaure kayan, da sunayen kayan. Shawarata ga mai shigo da kaya, ya kammala wannan tun jirgi bai taso ba, domin kwastan kan riƙe kaya saboda rashin takardar, kuɗin ajiya kuwa na ta hawa.

Rajista ita ce mai sauƙin. Aikin yana jikin lakabi, wato bayanan da ake rubutawa a jikin ƙunshin kaya. Dole a ga suna da adireshin mai ƙerawa, mai ɗaurewa ko mai shigowa, ainihin sunan kayan, adadinsu, wata da shekarar ƙerawa, lambar waya da imel na kai ƙorafi, ƙasar asali in na waje ne, sai farashi mafi tsada da aka yarda a sayar, wanda ake kira MRP, haɗe da duk haraji. Ana rubutawa da Hindi ko Turanci. Duk wannan sai ya bayyana a shafin tallan kayan a intanet, in ban da wata da shekarar ƙerawa. Kuma alhakin sahihancin bayanin yana wuyan mai kayan, dandali irin Amazon ko Flipkart ba zai ɗauke masa ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sabunta lakabi a bar tsohon hoto da tsohon farashi a shafi.

Batun nauyi ya cancanci a tsaya a kansa. Nauyin da aka rubuta na abin da ke ciki ne zalla, ban da leda ko kwalba. Doka ta yi rangwamen ɗan giɓi: giram 15 ga ƙunshi mai nauyin giram 500 zuwa kilo 1. Sai dai wannan ba lasisin tauye mudu ba ne, domin idan jami'i ya ɗebi samfur ya auna, matsakaicin nauyinsu bai kamata ya gaza abin da aka rubuta ba. Kayan da ke bushewa bayan ɗaurewa, kamar sabulu, sukan rage nauyi a sito, saboda haka mai hankali yakan ɗan ƙara a sikeli.

Kada a liƙa sitika don ɗaga farashi. An yarda da ita wajen ragewa kawai, kuma ba tare da rufe tsohon farashin ba.

Ƙunshin da ya wuce kilo 25 ko lita 25 galibi ya fita daga waɗannan sharuɗɗa, haka ma kayan da masana'antu ke saya don aikinsu. Hukuncin da dokar ta 2009 ta tsara ga lakabi mara cika shi ne tarar da ta kai rufi 25,000 a karon farko, 50,000 a na biyu, daga nan har ɗaurin shekara ɗaya na iya shigowa.