Dokin Napoleon da Alfadarinsa: Koya wa Ɗalibai Karanta Zanen Tarihi

Idan aka tambayi ɗalibi abin da ya rage masa na wani babban al'amari da ya karanta a tarihi, da wuya ya kawo shekara ko sunan yarjejeniya, abin da yakan fara faɗowa a ransa shi ne hoton da ke shafin littafin. Gani ya kori ji, kuma malamin tarihi yana fama da wannan magana kullum, domin zane guda yana iya rinjayar shafi goma na bayani. Shi ya sa nake ganin bai kamata mu bar zane-zanen da ke cikin littattafan karatu su zauna a matsayin ado ba. Su ma hujjoji ne, suna da wanda ya yi su, da wanda ya biya kuɗin aikin, da lokacin da aka yi su, kuma ya dace ɗalibi ya yi musu tambayoyin da yake yi wa rubutacciyar takarda.

Nakan fara da zanen da Jacques-Louis David ya yi na Napoleon yana ƙetare duwatsun Alps, saboda babu ɗalibin da yake kallonsa bai ce wani abu ba. Ga ingarman doki ya yi tsaye a kan ƙafafunsa na baya, iska tana kaɗa mayafin mahayinsa, shi kuwa fuskarsa a natse, hannunsa na dama yana nuni zuwa sama. Ba na yin bayani da farko. Nakan ce kowa ya rubuta abin da idonsa ya gani kawai, ban da abin da ya sani ko ya zata, kuma wannan ya fi wuya fiye da yadda ake tsammani, domin hannu yakan yi saurin rubuta "jarumi" alhali abin da ke gabansa mutum ne a kan doki. A ƙarshe wani mai lura yakan hango rubutun da ke jikin duwatsu a ƙasan zanen ta hagu, inda aka sassaƙa sunan Bonaparte, wato Napoleon kansa, tare da na Hannibal da na Sarki Charlemagne, waɗanda suka ƙetare waɗannan duwatsu da rundunoninsu ƙarnoni kafin shi. Daga nan ajin yake fahimtar cewa mai zanen yana gabatar da wata da'awa ne, wato wannan mutum sa'an waɗancan ne.

Sai na kawo abin da ya faru. A watan Mayu na 1800 Napoleon ya bi mashigin Saint Bernard a kan alfadari, wani ɗan jagora yana riƙe da linzami, domin alfadari ya fi doki iya taka hanyar dutse. David bai je wurin ba, Napoleon ma bai yarda ya zauna a zana shi ba, kuma Sarkin Sifaniya Charles na Huɗu ne ya ba da aikin zanen na farko daga cikin guda biyar da aka yi tsakanin 1801 da 1805. A 1850 Paul Delaroche ya kammala nasa zanen, inda ya nuna Napoleon a takure cikin sanyi a bayan alfadari. Ɗalibai sukan yi murna da wannan na biyu, su ce ga gaskiya ta fito, amma a nan nakan ja musu birki. Delaroche ya yi aikinsa ne kusan shekara talatin bayan mutuwar Napoleon, shi ma bai ga tafiyar ba, kuma gajiyar da ya ɗora a fuskar mutumin zaɓinsa ce. Ya fi kusa da abin da ya auku, wannan babu shakka, sai dai duk da haka dokin David ne duniya take tunawa.

Hatsarin wannan darasi shi ne ɗalibi ya tashi da ra'ayin cewa duk zane ƙarya ne, kuma aikin mai ilimi shi ne kama mai zane da laifi. Wannan wayo ne mai arha, kuma a ganina ya fi yarda da komai illa, domin mai shi yana jin ya gama tunani tun bai fara ba. Maganinsa a wurina shi ne zanen Guernica na Pablo Picasso, mai zane ɗan Sifaniya.

A ranar 26 ga Afrilu, 1937, lokacin yaƙin basasar Sifaniya, jiragen yaƙin Jamus da na Italiya da ke mara wa Janar Franco baya suka yi ruwan bama-bamai a kan garin Guernica na yankin Basque. Picasso yana Paris, a jarida ya samu labarin, kuma cikin makonni kaɗan ya kammala zane mai faɗin kusan mita 8 da tsayin mita 3.5, domin rumfar Sifaniya a bajekolin duniya na wannan shekara. Idan aka auna shi da ma'aunin da muka auna David, ya fi shi faɗuwa. Babu jirgi a cikinsa, babu bam, babu wani gini da za a ce na garin ne, launinsa ma baƙi ne da fari da toka. Akwai bijimi, da doki mai haniniyar azaba, da uwa rungume da gawar ɗanta ta ɗaga kai sama tana kururuwa, da mayaƙi a yashe da karyayyen takobi. Amma ɓangaren Franco ya musanta harin, ya ce mutanen Basque ne suka ƙone garinsu da kansu, kuma wannan zane, tare da rahotannin 'yan jaridar da suka isa wurin, yana cikin abin da ya hana ƙaryar ta zauna. Tambayar da nake ajiye wa ɗalibai ita ce, ta yaya zanen da bai nuna ko abu ɗaya yadda ya faru ba ya zama shaida a kan abin da ya faru? Muhawarar da ke biyo baya ita ce mafi amfani a duk zangon karatun, kuma ba na gaggawar raba ta.

Akwai kuma abin da zane yake binnewa ta hanyar ɗaukaka wani. A ranar 31 ga Maris na shekarar, wato kafin Guernica da kusan wata guda, an jefa bama-bamai a garin Durango da ke wannan yanki, mutane fiye da 200 suka mutu, amma a wajen Sifaniya kaɗan ne suka san sunan garin. Ba zanen kaɗai ya jawo wannan bambanci ba, sai dai yana da babban kaso a ciki.

Tarihin zanen bayan kammala shi ma darasi ne mai zaman kansa. Picasso ya ƙi yarda a kai shi Sifaniya muddin ba a dawo da 'yanci ba, don haka ya zauna a New York har 1981, bayan mutuwar Franco da shekara shida, yanzu kuma yana gidan adana zane na Reina Sofía a Madrid. An rataya wani saƙaƙƙen kwafinsa a ƙofar zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a watan Fabrairu na 2003, lokacin da Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na wancan lokacin, ya je kare shirin Amurka na yaƙar Iraƙi, an lulluɓe shi da shuɗin labule. Jami'ai sun ce saboda kyamarorin talabijin aka yi haka, mutane da yawa kuwa ba su gamsu ba. Nakan ba ɗalibai bayanin ɓangarorin biyu, su auna da kansu.

Aikin da nake bayarwa a ƙarshe shi ne kowane rukuni ya zaɓi al'amari guda daga manhajar, ya tsara zane ko mutum-mutumin da za a riƙa tuna shi da shi. Ba na duba iya zane, wanda hannunsa bai faɗa ba yana iya bayyana tsarinsa da rubutu. Makin yana kan takardar da za su haɗo da shi, inda za su faɗi lokacin da suka zaɓa daga cikin al'amarin, da wanda suka sa a tsakiya, da waɗanda suka bari a waje da dalilin barinsu, sannan su ambaci ɓangaren da zai ƙi amincewa da aikin idan ya gan shi, da hujjar da zai kafa.