Wasiƙa daga Guangzhou: ni da mai gidana da maganar gado

Assalamu alaikum mutanen gida, ya aiki ya iyali. Mu nan ruwa da zufa ne suka sa mu gaba, Alhamdulillah.

Na koma wani gida kusa da unguwar Xiaobei inda 'yan kasuwarmu suka fi sauka, to ɗakin kwanan ba mai kusurwa huɗu ba ne, kamar harafin L yake, ga wani lungu ya shige ciki ga kuma gefen bango ya turo kai kamar gwiwar hannu. Na ce wa mai gidan, wata dattijuwa 'yar Chaina, zan sa a yi fenti a gyara, ta ce ba komai amma kar a aje gado sai ta zo. Ni na ɗauka wasa take.

Ashe feng shui ne, wata al'adar 'yan Chaina ta tsara gida. Feng iska, shui ruwa. A ganinsu akwai wani ƙarfi da suke kira chi yana zagaya gida, ɗakin da ya karkace kuma wai kusurwa ɗaya ta ɓace masa, chi ɗin sai ya maƙale a lungu. Gefen bango mai tsini in ya saita mai barci kibiya mai dafi suke ce masa, kuma kar ku ce ƙauyanci ne, ko dogon benen Bank of China na Hong Kong da aka buɗe a 1990 sai da ya sha surutu saboda kaifin gefunansa. Madubi kar ya kalli gado. Ƙafa kar ta miƙe saitin ƙofa, wai ta haka ake fita da gawa.

Ni dai ban yarda bango na kawo arziki ko tsiya ba, wannan na Allah ne. Amma tsakani da Allah rabin maganarta hankali ne kawai, ta sa kafinta ya cike lungun da wadirof tun daga ƙasa har silin, sai ga ɗaki ya dawo daidai, ƙura ma ta rasa maɓoya, gefen nan mai tsini da na yi ta bugewa da shi in na tashi asuba aka aje tukunyar fulawa gabansa.

Rigimar a gado ta tashi. Inda ta zaɓa kai na jikin bangon gabas, ƙafa ta miƙe yamma, mu kuwa nan alƙibla yamma take, ba gabas irin na gida ba. Na ce Mama a'a, ni ma ina da nawa. Muka yi ta fama da fassarar waya, kafinta na riƙe da tef yana dariya, ya auna ya sake aunawa, ƙarshe kan gadon ya koma bangon arewa. Daga nan ina hango ƙofa ba tare da na saita ta ba, ita ta gamsu, ni kuma in na kwanta ta hannun dama fuskata na kallon alƙibla.

A gaida kowa da kowa.