Karatun Allo: Abin da Ɗakin Wanke Fim da Ɗakin Majigi Suka Koya Mini

Mai kallo a silima labari yake bi. Wanda ya yi aiki da fim na zare, irin wanda ake ɗauka da kyamara, a wanke da sinadarai, a haska da majigi, shi idonsa na kama wasu abubuwa daban: farin ɗigo da ya gifta, koren layi da ya tsaya a gefe ya ƙi tafiya, hoto da ke ɗan rawa sama da ƙasa. Na yi koyon aiki a ɗakin wanke fim, daga baya na koma ɗakin majigi, kuma abin da ya fi zauna mini daga wuraren nan biyu shi ne kowane aibi da ya fito a allo yana ɗauke da shaidar inda aka yi shi. In ka iya karanta shi, za ka gane ko a kyamara ya faru, ko a wanki, ko wajen buga kwafi, ko a hannunka kai mai haskawa. Tarin sunayen da ake sa ɗan koyo ya haddace, amfaninsu ke nan: kowanne mataki ne da fim ke bi, kuma kowane mataki da irin tabon da yake bari.

Abu na farko da aka dasa mini shi ne fim gefe biyu gare shi. Akwai baya, wato robar da ke ɗauke da komai, mai sheƙi. Akwai fuska, inda aka shafa jalatin gauraye da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa masu jin haske. Idan haske ya taɓa ƙwayoyin nan a cikin kyamara, hoto ya shiga, amma ido ba ya ganinsa sai an wanke. Ɓoyayyen hoton nan shi ne amanar da ake kawowa ɗakin wanki a cikin gwangwani rufe ruf, kuma ba shi da na biyu. 'Yan wasa sun watse, an rushe wurin ɗauka, rana ta faɗi. Abin da ke cikin gwangwanin shi kaɗai ya rage.

Maigidana a ɗakin wanki yana da tambaya guda da yake jefa wa duk wanda ya zo masa da ƙorafin datti a hoto: "Fari ne ko baƙi?" Daga amsar yake sanin wanda zai nema. Ƙura da ta hau nagatif, wato fim mai hoton da haske da duhunsa ke juye wanda daga gare shi ake fitar da kwafi, lokacin buga kwafi takan tare hasken da zai ratsa zuwa sabon fim, wurin ya fito wayam, sai a gan shi fari a allo. Ƙurar da ta hau kwafin da ake haskawa kuwa, hasken majigi take tarewa, sai ta fito baƙa. Saboda haka farin ɗigo ya riga ya shige cikin hoton tun daga ɗakin wanki, gogewa ba ta fitar da shi. Baƙin ɗigo sau da yawa na mai majigi ne da inda yake ajiya.

Karce ya ma fi ƙura bayani. Idan bayan kwafi ne ya karce, layin baƙi yake fitowa, domin karcen na watsa haske ya hana shi isa allo. Idan fuskar ce, launi yake yi. Dalili kuwa, fuskar kwafi mai launi hawa uku ce: na sama yana riƙe da rini ja mai sirkin shuɗi, na tsakiya shuɗi mai sirkin kore, na ƙasa rawaya. Karce marar zurfi na kwashe na sama, biyun da suka rage su haɗu su ba da kore. In ya ƙara nitsawa sai rawaya kaɗai, in ya kai roba sai fari fat. Da launin layi kawai mutum zai faɗi gefen da aka ji wa fim ciwo da zurfin ciwon. Sannan a duba tafiyarsa. Layin da ya miƙe bai motsa ba daga farkon naɗi har ƙarshe, wani ɗan tsini ne ko busasshen datti a ƙofar injin da fim ɗin ya goga. Gajerun karce birjik a farko da ƙarshen naɗi, na wanda ya ja bakin fim ne don ya matse shi, zare ya gogi zare. Hoto ɗaya a fim na milimita 35 faɗinsa bai wuce milimita 22 ba, amma a allo ya zama mitoci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wankin kansa ya koya mini girmama awo. A tsarin ECN-2 da ake wanke nagatif mai launi, fim na fara bi ta ruwan da ke sassauta baƙin shafen da ke bayansa, wanda aka sa don hana haske dawowa ya ɓata hoto. Daga nan ya shiga ruwan fito da hoto, minti 3 cif a zafin digiri 41.1 na ma'aunin Salshiyas, kuma kaucewar da aka yarda da ita kashi ɗaya ce cikin goma na digiri. Sai ruwan tsayarwa, sai wanda ke sauya azurfar, sai wanda ke narkar da ita ya fitar, sai ɗauraya da busarwa. Ba wanda ke riƙe agogo yana tsoma fim. Inji ne dogo, fim na hawa da sauka a kan gargare cikin tankuna, gudun injin shi ne agogon. Shi ya sa tsayawar inji a tsakiyar aiki masifa ce: duk abin da ke cikin ruwan fito da hoto a lokacin ya wuce kima, ba kuma a mayar da shi. Kafin a ɗora naɗi, a cikin duhu ake bin gefensa da yatsu ana neman ɗan tsaga ko haɗi marar ƙwari, domin nan ne zai tsinke.

Kafin fim ɗin kowa ya shiga, ana tura ɗan gajeren yanki na gwaji wanda aka riga aka haska da sanannen haske, a wanke shi, a auna kaurin launukansa da na'ura. Lambobin su ke faɗin ko sinadarin ya gaji, ko an cika masa sabo fiye da kima. Na taɓa tambayar maigidana, "Baba, ai jiya ma lafiya lau ya fito, sai an sake?" Ya ce, "Yaro, na jiya ka auna. Na yau fa?" Ido yana sabawa da launi cikin 'yan mintoci ya ce maka komai daidai ne. Na'urar awo ba ta sabo.

Wani abin da mai kallo bai cika sani ba shi ne fim ɗin da ya gani a silima jika ne ko tattaɓa kunnen wanda ya fito daga kyamara. Nagatif na asali ba a wahalar da shi. Daga gare shi ake buga fim na tsaka-tsaki mai hoto daidai, daga wannan a fitar da nagatif na biyu, shi ne ake ta buga ɗaruruwan kwafin da za a rarraba. Kowane hawa yana ɗan rage kaifin hoto, ya ƙara masa tsaki. A nan ne kuma mai daidaita launi ke aikinsa, yana zaɓar ƙarfin haske ja da kore da shuɗi ga kowace fitowa, a ma'auni daga 1 zuwa 50 wanda 25 ke tsakiyarsa. Idan bayan nagatif ya karce, akwai dabarar buga shi yana jiƙe cikin wani ruwa da ke cike karcen har haske ya wuce kamar ba komai. Dabarar ba ta yi wa karcen fuska magani, domin can hoton ne da kansa ya tafi.

Da na koma ɗakin majigi sai lissafi ya karɓi ragama. Fim na milimita 35 yana da huji 4 a gefen kowane hoto, hotuna 16 a ƙafa ɗaya, hotuna 24 a daƙiƙa, wato ƙafa 90 a minti. Naɗin ƙafa 2,000 yana ba da minti 20 da ɗoriya. Na milimita 16, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a 1923, hotuna 40 ne a ƙafa. Wanda ya riƙe waɗannan, da ganin kaurin naɗi zai ƙiyasta lokacin da ya rage masa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne majigi na yin aiki biyu masu karo da juna a kan zare ɗaya. Hoto yana buƙatar tsayawa: a jawo shi, ya tsaya cak a ƙofar haske, a sake jawo na gaba, sau 24 a daƙiƙa. Marufi mai juyawa ke tare hasken lokacin ja, kuma da yake fiffike biyu gare shi, kowane hoto sau biyu yake walƙawa, 48 ke nan, don kada ido ya ga ƙyaftawa. Sauti kuma ba ya son tsayawa ko kaɗan, dole layinsa da ke gefen fim ya wuce sumul a gaban idon da ke karanta shi. Mafita ita ce a raba su wuri. Ana buga sauti kimanin hotuna 21 gaba da hoton da yake nasa, a bar wa fim ɗan lanƙwasa sako-sako sama da ƙasan ƙofa don ta shanye fizgar. Lanƙwasar nan in ta yi ƙanƙanta fim ya riƙa kaɗawa har huji ya yage, in ta ƙasa ta yi yawa ko ta gaza, baki ya motsa magana ta zo a wani lokaci. Idan kuma aka ga fararen rubutu na jan wutsiya sama ko ƙasa, marufi ne ya saɓa da ja, haske na fita fim yana tafiya. Ba laifin kwafi ba ne, kada a ɗora wa ɗakin wanki.

Haɗi ma haka. Wanda ya gyara tsinkakken fim bai ƙirga huji huɗu-huɗu ba, da an zo wurin sai layin da ke raba hotuna ya faɗo tsakiyar allo, ƙafafu a sama kawuna a ƙasa. Sai batun sauya naɗi a inda ake aiki da majigi biyu. A kusurwar sama ta dama akwai ɗan ɗigo da ke bayyana tsawon hotuna 4 kawai, daƙiƙa 8 kafin naɗi ya ƙare, ka tayar da inji na biyu. Ɗigo na biyu ya zo saura kimanin daƙiƙa ɗaya, ka juya haske da sauti. In an yi daidai ba wanda zai san an yi wani abu. Ni a ganina wannan ne ma'aunin mai majigi na ƙwarai, kuma yana ɓata mini rai in ga kwafin da kowane wanda ya riƙe shi ya karce nasa ɗigon da tsinin ƙarfe don bai yarda da na wani ba. Siffar allo kuwa, wato ninkin faɗin hoto a kan tsayinsa, a taƙaice: 1.37 da aka tsayar a 1932, da 1.85, da CinemaScope na 1953 wanda ake matse hotonsa ninki biyu sai gilashi na musamman ya buɗe shi. Kowacce da gilashinta da farantin ƙofarta. Ka sa ba daidai ba, ko ka yanke kawunan mutane ko su fito dogaye sirara.

Sai tsufa, wanda shi ma yana da nasa alamomin. Fim na farko-farko an yi robarsa da naitiret, mai kama wuta nan take, kuma in ya kama ruwa ba ya kashe shi domin yana samar wa kansa iskar ci. Gobarar ma'ajiyar kamfanin Fox a jihar New Jersey ta Amurka a 1937 ta cinye mafi yawan finafinansu na zamanin da ba sauti. A farkon shekarun 1950 aka daina yin sa, asitet ya maye gurbinsa. Shi ba ya tashi da wuta haka, amma zafi da danshi na sa shi ruɓewa: ya fara warin tsami irin na ruwan khal, ya ƙanƙance, ya kantare, hujinsa ya daina shiga haƙoran inji. Tsamin da yake fitarwa kuma yana hanzarta ruɓewar, har ya shafi gwangwanayen da ke kusa, don haka ake ware shi. Sanyi da bushewa kaɗai ke rage masa gudu. Tsofaffin kwafi masu launi da yawa sun koma ja-ja, saboda rinin shuɗi-kore da na rawaya sun riga ɗayan kodewa. Robar foliyesta da ta zo daga baya ba ta wannan ruɓewar, kuma ƙarfinta ya kai in ta maƙale injin ne zai iya ji kafin ita ta tsinke. Gam ɗin haɗin asitet ba ya kama ta, sai salatif na musamman ko na'urar narkewa.

Yau galibin gidajen silima sun koma dijital, aikin da ya rage ga irinmu shi ne kwashe tsofaffin finafinai zuwa kwamfuta. A nan karatun aibi ya ƙara daraja, domin manhaja na iya share kusan komai, kuma ba ta san abin da ya kamata a bari ba. Datti da karce ba na hoton ba ne, a cire su. Tsakin nan da ake gani yana motsi kuwa daga ƙwayoyin azurfa ya samo asali, da shi aka gina hoton, wanda ya goge shi tas ya tafi da gashi da saƙar tufa da fatar fuska. Na sha ganin aikin da aka yi haka, kuma ba na kiransa gyara.

Shi ya sa duk gwangwanin da ya zo hannuna ba ya hawa inji kai tsaye. Ina buɗe shi in ji warinsa. In karanta rubutun gefen fim don sanin irin robarsa, tare da tuna cewa rubutun na iya zama wanda ya biyo daga nagatif lokacin bugawa, ba na wannan zaren ba. In juya shi da hannu a teburin naɗi, safa a hannu, yatsu a gefe kawai, ina duba kowane haɗi da kowane huji. In auna yadda ya ƙanƙance. Duk abin da na gani in rubuta a takarda, da lambar naɗi da ƙafar da aibin yake, da ko fari ne ko baƙi, fuska ko baya, in sa takardar tare da gwangwanin don wanda zai karɓe shi bayana.