Shirun da na ɗauka haƙuri ne

A shagonmu na tsaraba da ke Misfala a Makka, kusa da titin Ibrahimul Khalil, kowa ya san ni da shiru. Maƙwabta na cewa wane ba ya faɗa, wane mai sanyi ne. Ni ma na yarda, har ina jin daɗin yabon. Abin da ba su gani ba shi ne lissafin da nake yi a zuci: wanda ya ɓata mini rai ba na ce masa uffan, sai in rubuta in ajiye.

Ɗan yayata ne ya ɗanɗana kuɗar wannan hali. Yana ɗan shekara 19 na ɗauko shi ya taya ni, yaro mai fara'a, mai jawo ciniki, amma mai makara da mantuwa. Ya makara, in yi shiru. Ya ba alhaji canji fiye da ƙima, in yi shiru. Sai dai in ɗaure fuska, in riƙa dangwarar da kwalin dabino da ƙarfi, idan ya ce "Kawu, lafiya?" in ce "Lafiya lau." Wata takwas muna haka. A goman ƙarshe na azumi, bayan asham, shago cike da masu Umara, riyal 50 ta yi giɓi a aljihun tebur. Kan riyal 50 ɗin nan na zazzage masa wata takwas gaba ɗaya a gaban baƙi, har na taɓo mahaifinsa da ke kabari. Yana riƙe da carbin da wata hajiya ke tayawa. Ya ajiye shi a hankali, ya fita. Kafin sallah ya koma Jidda, shekara biyu ban ji muryarsa ba.

Ƙannena da 'ya'yana, kuskurena ba a daren nan ya fara ba. A wata takwas ɗin ya ke.

'Yata da ta karanta ilimin halayyar ɗan Adam ce ta fara nuna mini cewa masana sun daɗe da bambanta abin da na cakuɗa. James Gross na Jami'ar Stanford a Amurka ya yi shekaru yana gwada hanyoyi biyu: danne abin da kake ji don kada fuska ta nuna, da kuma sake duban lamarin tun kafin ya tafasa. Ya gano dannewa tana ɓoye alamar ne kawai, ɓacin ran yana nan, jiki kuma yana ƙara ɗaukar zafi. Wani gwaji da suka wallafa a 2003 shi ya fi taɓa ni. An haɗa mata biyu-biyu da ba su san juna ba, suka kalli fim mai tayar da hankali, aka ce su tattauna, amma a asirce aka umarci ɗaya ta ɓoye abin da take ji. Hawan jinin abokiyar hirar ma ya ɗaga, kuma ba ta ji kusanci da ita ba. Ashe yaron nan wata takwas yana shan dafin shiruna, ni ina ganin ina raga masa.

Za ku ce ai Alƙur'ani ya yabi masu haɗiye fushi. Gaskiya ne, a aya ta 134 cikin Ali Imrana. Amma ku ƙarasa ayar: da masu yafe wa mutane. Ni rabin farko na riƙe. Na haɗiye, ban yafe ba, ban kuma yi magana ba, abin ya zauna a ciki yana ruɓewa. Wannan ba haƙuri ba ne, ƙullaci ne da ya sa rigar haƙuri.

Na kuma daɗe ina fakewa da "hali zanen dutse." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Masu bincike sun tattara ɗabi'un mutane a manyan rukunai biyar, ciki har da tsari da riƙon aiki, sauƙin kai, da saurin damuwa, kuma nazarin tagwaye ya nuna gado yana da hannu a kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane. Sauran fa? A 2006 Brent Roberts da abokan aikinsa sun haɗa nazarce-nazarce da dama da suka bi mutane tsawon shekaru, suka ga yawanci mutum yana ƙara natsuwa da riƙon aiki yayin da yake girma, musamman tsakanin shekara 20 da 40. Wato yaron da na yanke wa hukuncin sakaci yana bakin ƙofar shekarun gyaruwa ne. Saboda haka idan kun amsa tambayoyin gwajin hali na waya aka ce muku ku masu kaza ne, kada ku ɗauke shi hatimi, kada kuma ku buga wa wani.

Abin da masana Peter Salovey da John Mayer suka kira basirar sarrafa motsin rai a 1990, kafin Daniel Goleman ya yayata shi a 1995, matakinsa na farko shi ne ka gane abin da kake ji. Nan na faɗi. Ban taɓa ce wa kaina "tsoro nake ji" ba, alhali shi ne tushen: kuɗin hayar shago, sabunta iƙamar iyali (takardar izinin zama), da fargabar mai dukiya ya ce na gaza. Fushi ya fi mini sauƙin ɗauka a kan tsoro. A 2007 Matthew Lieberman ya nuna da na'urar hoton ƙwaƙwalwa cewa kiran motsin rai da sunansa yana rage tashin amigdala, sashen da ke kaɗa ƙararrawar haɗari. Yanzu idan ƙirjina ya fara zafi nakan zauna, kamar yadda hadisi ya umarci mai fushin da ke tsaye, in tambayi kaina: fushi ne, ko kunya, ko tsoro, ko yunwa da rashin barci? A azumi sau da yawa na ƙarshen ne.

Sannan ku yi maganar tun tana ƙarama, a keɓe, kan abu guda. "Ɗana, yau ka makara rabin awa, na rasa mai kula da ƙofa." Shi ke nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da na faɗi wannan a watan farko, da na ji abin da sai daga baya na sani: kullum da asuba shi ke raka yayata asibiti wankin ƙoda, ita ta hana shi gaya mini don kada ta ɗora mini nauyi.

Ni na bi shi Jidda, na same shi a wani shagon yadi a Bab Sharif. Na nemi gafararsa a tsaye, a gaban abokan aikinsa, tunda a gaban mutane na ci mutuncinsa. Ya kawo mini shayi, ya daɗe yana juya cokali. Sai ya ce, "Kawu, zagin na manta. 'Lafiya lau' ɗin nan ce har yau nake ji." Bai dawo shagona ba. Yana kirana duk Juma'a, kuma idan ya tambaye ni lafiya, ina gaya masa yadda take.