Tsohuwar da ke son kashe kobo

Lokacin da muke shirin WAEC a Zariya, ba irin karin maganar Turancin da ba mu haddace ba. Har yau ina tuna "raining cats and dogs", wato ruwa kamar da bakin ƙwarya. Shekarata 3 ke nan a Manchester, garin da ba ya rabo da ruwan sama, amma ban taɓa jin wani ya faɗe ta ba. Su "it's chucking it down" suke cewa.

Waɗanda suka wahalar da ni kalmomi ne masu sauƙi, irin waɗanda ɗan firamare ma ya sani. A makon farko da na kama aiki a gidan kula da tsofaffi, wata baiwar Allah 'yar shekara 88 ta riƙo hannuna ta ce, "I need to spend a penny, love." Na ɗauko mata jakarta, ina tunanin kanti take son zuwa. Ta yi dariya har da hawaye, ta nuna min ƙofar banɗaki. Ashe kewayawa za ta yi! Maganar ta samo asali ne daga banɗakunan haya na da, inda sai ka biya kobo ɗaya kafin ka shiga. An ce tun baje kolin da aka yi a Landan a 1851 aka fara karɓar kobon. Abin ya burge ni, don mu ma ai ba ma kiran abin da sunansa. "Zan kama ruwa" muke cewa.

Kalmar "love" ɗin ma ta ɗan daure min kai. Daga baya na ga mai kanti da direban bas duk haka suke kiran kowa, kamar yadda mai kayan miya zai ce maka "ɗan'uwa".

Sai kuma "tea". Wani abokin aiki ya gayyace ni "tea" ƙarfe 6 na yamma, na cika cikina da shinkafa kafin in fita, ina zaton shayi ne da biskit. Na tarar da tukunyar dankali da nama tana jirana. A arewacin Ingila abincin dare ake nufi, na rana kuma shi ne "dinner".

Wadda na fi jin kunyarta ita ce "You alright?" Na ɗauki wata guda ina zayyana wa mutane ciwon bayana da kewar gida, alhali gaisuwa ce kawai. Ni da na tashi ina amsa "lafiya lau" ko zazzaɓi na cina! Yanzu "yeah, you?" nake cewa, in wuce abina.