Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko a jami'a

Jiya a teburin mai shayi a Samaru wani abokina mai digirin digirgir yake ta mita, wai ƙasar gonar da ya ɗebo tun damina tana nan a leda ba na'urar awo a kusa. Nace malam ai irin haka ne yasa jami'o'in bincike na Afirka suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwarsu mai suna ARUA a Dakar a 2015, jami'o'in Ibadan da Legas da Ife duk suna ciki, manufar dai a yi aron ɗakin gwaji, a nemi kuɗin tallafi tare, a horar da ɗalibai tare. Ni amanar ce tafi birge ni wallahi, ka nuna wa wani sakamakonka tun kafin ka wallafa! Yace to naji, shayin fa wa zai biya?