Zuba ƙasar rodiyo a zaure mai rufi

A Fort Worth ta jihar Texas, Dickies Arena da aka buɗe a 2019 tana ɗaukar mutum 14,000 ranar kiɗa da waƙa, amma kusan 9,300 kawai ranar rodiyo (gasar hawan dawakai da bijimai), saboda filin dawakai da bijimai yana cinye kujerun ƙasa. A irin wannan zaure muke aikin sauya daɓe, kuma ƙasa ce ta fi ba mu wahala.

Kafin tifa ta shigo, mukan shimfiɗa leda mai kauri a kan siminti, mu ɗora falankin katako, mu toshe duk ramin wayar lantarki da magudanar ruwa. Wanda ya manta rami ɗaya zai yi wata yana haƙo laka. Fili mai tsawon ƙafa 200 da faɗin 85, in za a zuba masa ƙasa mai zurfin ƙafa ɗaya, ya haura tan 700, wato zuwan tifa kusan arba'in.

Ƙasar gauraye ce ta yumɓu da yashi. Yumɓu zalla yakan taurare kamar daɓen ɗaki, doki ya zame wajen tseren kewaya gangunan da ake jerawa a fili. Yashi ya yi yawa kuma, kofato ya nutse, jijiyar ƙafa ta sha wuya. Don haka ake danne sashen da ke ƙarƙashi da kyau, a bar 'yan inci na sama a sake, tarakta na bi da haro, ƙarfe mai haƙora da ke barbaza ƙasa, tsakanin wasa da wasa.

Sirrin yana wurin ruwa. Na'urar sanyaya zaure tana busar da ƙasa fiye da yadda mutum ke zato. A wani zaure mun taɓa jira sai da yamma muka kwarara ruwa gaba ɗaya: sama ta yi santsi, ƙasan na nan busasshe. Yanzu kaɗan-kaɗan muke yayyafawa tun dare, ya ratsa. Gwajinmu na hannu ne: ka dunƙula ƙasar, in ta riƙe siffa ba ta manne maka a tafi ba, ta yi.

Kwashewa ta fi zubawa sauri, amma ƙura ba ta tafiya da tifa. Tana maƙale a ƙarafan rufi da matatun iska. In ba a canza matatun an share ƙarafan ba, ranar da aka rataya lasifika sautin ganga zai karkaɗo ta kan daɓen katako da ake shimfiɗawa don ƙwallon kwando, ko kan 'yan kallo. Shi kuwa katakon, mai tsawon ƙafa 94 da faɗin 50, guntu-guntu yake zuwa kowanne da lambarsa, kuma tsakuwa ɗaya a ƙarƙashi ta isa ta kashe tsallen ƙwallo a wurin.

Ƙasar ba a zubar da ita. Ana tara ta a lulluɓe, a tace ta a cire ƙusa da kofaton ƙarfe kafin baɗi.